Na rufe laftop da kati a ciki, hotunan dinar biki sun ɓace, dan Allah a taimaka

Mai Hoto Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda yake kusa da waya ya karanta wannan, wallahi hankalina a tashe yake tun asuba. Jiya Asabar na yi aikin biki, ɗaurin aure da safe a nan Anguwan Rogo, dina kuma da daddare a wani hol ta wajen Rayfield. Katin memori ɗaya nake aiki da shi a kyamara, mai 64GB. Bayan la'asar na koma shago na zura katin a ramin laftop na kwashe hotunan safe, na zaɓi wasu ina gyara haskensu sai aka ɗauke wuta, batirina kuma baya wuce minti arba'in, sai kawai na rufe murfin ta yi barci. Da magariba na zare katin na mayar kyamara na tafi dina, na ɗauki hoto sama da 400 da 'yan bidiyo gajeru. Ƙarfe sha ɗaya na dawo an kawo wuta, na mayar da katin raminsa, sannan na ɗaga murfin. Foldar tana nan a buɗe yadda na barta amma hotunan safe kaɗai take nunawa, ga gajiya ga sanyi, nace bari da safe in duba, sai dai na buɗe sabuwar folda a cikin katin na zuba hotuna 70 ɗin da na gyara saboda da sassafe zan kai wanki. Yau da safe ba hoton dina ko ɗaya a laftop, a kyamara kuma wasu suna cewa ba za a iya nunawa ba. Uwar amarya ta kira sau uku ban ɗaga ba.

Hajiyar Kafe: Wa alaikumus salam. Innalillahi. Ɗana ka fara ɗaga wayar baiwar Allahn nan tukuna, kace mata ana kan aiki zuwa jibi, rashin ɗagawar ya fi komai tayar da hankali. Sauran kuma masana na nan zuwa.

Mai Gyara Terminus: Oga a ina ka sayi katin? Don ni abin da nake gani kullum a teburina shine jabu. A rubuce 64GB, a ciki 8 ne ko 16, an yi wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya, da zarar ka wuce ainihin girmansa sai ya dinga karɓar kaya yana zubarwa. Alamarsa kenan, na farko lafiya, na ƙarshe duk a lalace. Kawo shi in gwada maka da H2testw, manhajar gwada ainihin girman kati.

Injiniya Bukuru: Tsaya tsaya tsaya. Kada a saka H2testw a katin nan yanzu, aikinsa shine ya cika duk inda yake ganin fili ne da rubutu, wato daidai inda hotunan dina suke kwance. Mai Hoto, kafin komai: cire katin daga ko me yake ciki, a gefensa na hagu akwai ɗan maɓalli ƙarami, ja shi ƙasa zuwa wajen kulle, saka shi a ambulan ka ajiye. Kada ka ɗauki hoto ko ɗaya da shi, idan wata na'ura tace a yi fomat ko a gyara, kace a'a. Sannan ka amsa min, Windows ce a laftop ɗin ko me?

Mai Gyara Terminus: Gaskiya ne Injiniya, na yi gaggawa, gwajin sai bayan an ceto kaya. Amma ina nan kan bakana a kan jabu.

Mai Hoto Rogo: Na kulle yallabai. Katin ya kai shekara biyu a hannuna, na sha cika shi har ya ce ba wuri kuma ban taɓa rasa komai ba. Laftop ɗin kuma tsari biyu ne a ciki, Windows 10 da Linux Mint, ƙanena ne ya saka min Mint ɗin saboda bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot da ya addabe ni daga filashin kwastomomi. Duk abin da ya shafi kati da filash a Mint nake yi. Jiya ma a can nake.

Injiniya Bukuru: To magana ta fito. Katin da ya cika sau da yawa ya fito lafiya ba jabu bane. Bari in yi bayani a tsanake don ba kai kaɗai abin zai amfana ba.

Idan ka zura kati, kwamfuta bata komawa kansa tana tambaya duk bayan daƙiƙa. Tana karanta taswirarsa ne, ina ne a cike, ina ne fili, wane fayil ne a wane wuri, sai ta riƙe wannan a RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi mai gogewa in wuta ta yanke, tana aiki da shi don sauri. Katin da ya wuce 32GB irin naka SDXC ne, tsarinsa exFAT, kuma exFAT yana da wani jadawali na musamman wanda kowane ɗan yanki na katin yake da alama ɗaya a ciki, an kama ko ba a kama ba. Linux tana ɗora wannan jadawalin a RAM tun lokacin da aka haɗa katin. Barci kuma ba mutuwa bane, a barci ana kashe kusan komai amma ana barin 'yar wuta tana tsare RAM, don haka taswirar la'asar tana nan daram har sha ɗayan dare.

Ka ɗauka ɗan kamasho ne a tashar Bauchi Road, takardarsa ta nuna kujera ta ɗaya zuwa shida an biya, sauran babu kowa. Ya kishingiɗa barci ya kwashe shi, wani ya zo ya loda ta bakwai zuwa sha huɗu bai taɓa takardar ba. Ya farka ya ga mota ɗaya ce, lamba ɗaya, bai leƙa ciki ba, ya ci gaba da yankar tikiti daga kujera ta bakwai. Abin da ya faru da katinka kenan. Kyamara ta zuba hotunan dina a filin da ya biyo bayan na safe, laftop ta farka da tsohuwar takarda tana ganin wajen har yanzu fili ne, ta ɗora hotunanka 70 a kai, sannan ta rubuta tsohuwar taswirarta a kan sabuwar da kyamara ta yi.

Baba Ticha: Malam Injiniya Allah ya ƙara basira, ni da na yi ritaya ma na gane. Amma tambayata, ita na'urar bata ji an zare mata abu an mayar ba? Ai ko waya ka cire wa memori tana faɗa.

Injiniya Bukuru: Baba ranka ya daɗe, wayar idonta biyu ne shi ya sa. Mai barci ba ya ganin wanda ya shiga ya fita. Abin da take yi in ta farka shine ta tambayi katin, kai wanene? Kowane katin SD yana da lambar shaida da aka ƙona masa tun daga masana'anta, ana ce mata CID. In lambar ta bambanta da ta kafin barci, ta san an canza kati, sai ta watsar da tsohon lissafi. In lamba ɗaya ce sai ta ɗauka ba abin da ya faru. Nan kuma kati ɗaya ne, cikinsa ne ya canza, lambar bata faɗin wannan. Da ya ɗaga murfin tukuna ta farka ta ga ramin ba kowa, sannan ya zura, da ta karanta shi sabo fil, da ba mu nan muna wannan maganar. Tsakanin zurawa da ɗaga murfi, daƙiƙa biyar ɗin nan, nan ɓarnar take.

Mai Gyara Terminus: Kun ga abin da nake faɗa wa yaran nan masu yawo suna saka wa mutane Linux. A Windows tun 10 sigar 1809 an mayar da filash kan tsarin da suke kira Quick removal, ba ta ajiye rubutu a RAM tana jira, tana rubutawa nan take, ka zare abinka ka tafi. Ni rabona da danna ijek, wato sallamar filash kafin a zare, na manta.

Ɗan Naraguta: Oga da girmamawa, abu biyu kake haɗawa. Quick removal maganin rubutun da bai sauka ba ne, wato ka kwafa abu ya nuna ya gama alhali rabinsa na RAM. Wannan ita ma Linux tana kula da shi, kafin ta shiga barci tana sauke duk rubutun da ke jira, ko ba barci ma abin da ya kai wajen daƙiƙa 30 yana jira tana fara sauke shi. Matsalar Yaya Mai Hoto ba rubutu mai jira bane, tsohon sani ne, kwamfuta ta yarda da abin da ta sani kafin ta kwanta. Wannan ko wane tsari ka ɗauka sai ya fuskanci tambayar.

Mai Gyara Terminus: To me ya hana su sallami duk wani filash da kati kafin barci, in an farka a sake karantawa? Ai ko yaro zai yi tunanin haka.

Ɗan Naraguta: An yi tunaninsa Oga, kuma an daɗe ana ja a kai. A da can haka Linux take yi, in wuta ta yanke wa ramin USB lokacin barci tana ɗauka an zare na'urar ne kawai. Sai aka ga wani ciwon. Mutumin da gaba ɗaya tsarinsa daga filash yake tashi, ko wanda ya mayar da kati wajen ajiyar duk fayilolinsa saboda hadis ɗinsa ƙarami ne, in ya rufe murfi ya buɗe sai ya tarar an janye masa tabarmar da yake zaune a kai, komai ya daskare. Ko kai kana rubutu a fayil ɗin da ke filash, ka rufe ka je sallah ka dawo, manhajar tana riƙe da fayil ɗin da aka ce babu shi. Kuma ba a iya sallamar filash alhali wata manhaja na riƙe da fayil a cikinsa, to sai a hana laftop barci kenan? Ka rufe ka jefa a jaka tana aiki tana zafi har batir ya ƙare? Shi ya sa Alan Stern, ɗaya daga masu kula da ɓangaren USB a Linux, ya kawo tsarin da ake kira USB persist, bayaninsa tun 2006 yake: in an farka a duba na'urar, in bayananta sun yi daidai da ta da, a ci gaba kamar ba a yanke ba. Kuma shi da kansa ya yi gargaɗi a bayanin cewa in ka canza katin da ke cikin abin karanta kati tana barci, ba yadda za a yi ta sani, kayanka na iya lalacewa. A ɓangaren katin SD ma an taɓa samun wani zaɓi mai suna MMC_UNSAFE_RESUME, su da kansu suka rubuta masa mai haɗari a jiki. Ba sakaci bane, hanya biyu ce kowacce da ƙayarta.

Hajiyar Kafe: Ni dai ban yarda da wannan uzurin ba ɗana. Mutum ɗari nawa ne suke tada kwamfuta daga filash, nawa ne kuma irinmu masu zarewa da zurawa sau hamsin a wuni? Shagona yana bakin jami'a, lokacin kare furojet layi har waje, kowa da filashinsa. In za a zaɓi wanda za a kare ai mu ne masu yawa. Ko ba komai in ta farka ta sake leƙa taswirar mana kafin ta rubuta, wannan zai ɗauke ta awa nawa?

Injiniya Bukuru: Hajiya maganarki tana da ƙarfi, kuma ni ma can na fi karkata. In ba wani fayil a buɗe, ba rubutu mai jira, ban ga dalilin da zai hana a watsar da tsohuwar taswira a karanto sabuwa ba. Inda abin yake cakuɗewa shine in akwai fayil a buɗe, manhaja ta san yana gida na kaza, aka farka gidan ya zama na wani. Sannan FAT32 da exFAT tsare-tsare ne masu sauƙi da aka yi don kyamara da rediyon mota da talabijin duk su iya karantawa, lambar shaidarsu tun ranar fomat ake sakata bata canzawa don an ƙara hoto, kuma ba su da littafin tarihi irin na NTFS ko ext4 wanda ake rubuta niyya kafin a aikata. Abin da suke da shi 'yar alama ce guda mai cewa an rufe ni lafiya ko ba a rufe ba. Kyamarar kuma ta gama aikinta ta rufe lafiya. Amma dai in aka ce in zaɓa, gara a bata wa mai tashi daga filash wahalar kunna zaɓinsa da hannu, a bar sauran jama'a cikin aminci.

Ɗan Naraguta: A nan zamu rabu yallabai. Wanda ya rufe murfi da filash a jiki ya buɗe bai taɓa komai ba ya ninka wanda ya zare ya yi aiki a wani wuri ya mayar kafin farkawa sau ban san adadi ba. In ka sa kullum ana sallama, kullum sai waƙa ta tsaya, dawunlod ya karye, takarda ta ƙi sebin. Ciwon kullum ne za a ɗora wa kowa saboda ciwon shekara-shekara.

Injiniya Bukuru: Ciwon kullum ɗin ana warkewa da danna maɓalli ɗaya, na shekarar kuma shigowar amarya ce da ba za a sake yi ba. Ba nauyinsu ɗaya ba ƙanena.

Ɗan Jos a Kubwa: Slm jama'a, yanzu na shigo na karanta daga sama. Wannan jan ba sabo bane. Waɗanda suka tuna ƙananan laftop ɗin nan kore da fari na shirin OLPC na bai wa kowane yaro laftop, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a nan gefen Abuja a 2007, an ƙera su ne su dinga shiga barci akai-akai don tattalin batir tunda an san inda za a kai su ba wuta, kuma ɗaya daga matsalolin da masu shirin suka yi fama da ita ita ce katin SD yana lalacewa wajen barci da farkawa. Abin da nake so in nuna, wanda ya rubuta tsarin a inda wuta bata motsi yana rufe murfi sau biyu a rana, mu kuma sau goma, kuma ba don mun shirya ba, fanka ce ta tsaya kowa ya rufe. Duk wani haɗarin da suke lissafawa a matsayin mai wuyar faruwa, a wajenmu ya matso kusa.

Anti Edita: Ni Mac nake amfani da ita wajen haɗa bidiyo, hadis ɗin waje a jiki kullum. Sau da yawa in na ɗaga murfi sai in tarar da saƙon nan cewa ba a cire faifan yadda ya dace ba, alhali ko taɓa igiyar ban yi ba. Shi ma wannan ne?

Injiniya Bukuru: Ɗan uwansa ne Anti, amma ta ɗaya gefen. Naki wuta ce take yankewa hadis ɗin a barci, ko kuma in an farka ya yi jinkirin amsawa, sai kwamfuta ta yanke hukuncin an zare shi. Hadis mai juyawa yana jan wuta sosai a lokacin da yake tashi, ramin USB 2.0 kuma 500mA yake bayarwa a ƙa'ida, na 3.0 900mA, in kin bi ta hob, abin nan mai ƙara ramukan USB, wanda ba shi da nasa caja kuma ga mawus ga abin karanta kati duk a kai, sai a hankali. Gwada jona shi kai tsaye da gajeriyar igiya mai kauri. Kuma in zaki tashi ki rufe manhajar edita ki sallame shi tukuna, don ita tana rubuce-rubuce a ɓoye ko ba ki danna komai ba.

Baba Ticha: To ni da nake kashe tawa gaba ɗaya duk dare ai na tsira ko?

Ɗan Naraguta: Baba ba lallai ba, kuma nan ne nake so Oga na Terminus ya saurara. Tun Windows 8 a 2012 akwai abin da ake kira Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa. In ka danna kashewa ba kashewa take yi duka ba, tana rufe manhajojinka ne sannan ta kwashe zuciyar tsarin daga RAM ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys, gobe ta ɗebo ta ci gaba, shi ya sa take tashi da wuri. Wato dogon barci ne da rigar mutuwa. Mai tsari biyu irin Yaya Mai Hoto in ya kashe Windows haka ya shiga Mint ya rubuta abu a ɓangaren Windows, zata farka da tsohuwar taswira, labarin ɗan kamasho ya dawo. Shi ya sa Linux take ƙin buɗe ɓangaren don rubutu in ta ga alamar, mutane su yi ta zagin wai ta lalace alhali kare su take. In kana son kashewa ta gaskiya ka danne Shift lokacin da kake danna kashewa, ko ka yi ristat, shi cikakke ne. In kuma kana so ka rabu da abin gaba ɗaya, ka rubuta umarnin powercfg /h off a matsayin admin, amma ka sani haibanet, wato barcin da ake zuba RAM a hadis a kashe wuta, shi ma zai tafi tare da shi.

Mai Gyara Terminus: Wannan kam na sha gani, ban musa ba. Akwai wanda ya kawo min hadis ɗin da ya ciro daga tasa ya jona a ta abokinsa ya zuba finafinai, ya mayar ya kunna, finafinan ba su ba alamarsu, chkdsk, mai duba hadis na Windows, ya tara masa tarkace a foldar FOUND.000. A lokacin na ɗora wa hadis ɗin laifi har na sayar masa da wani. Yanzu da kuke magana na gane Fast Startup ne. In na gan shi zan faɗa masa.

Injiniya Bukuru: Allah ya saka Oga. Ƙari ɗaya, ba duk barci ne iri ɗaya ba. Tsofaffin laftop irin tokunbo ɗin da suka cika kasuwarmu yawanci S3 suke yi, RAM kaɗai ke da rai, wasu kuma suna barin 'yar wuta a ramukan USB har su iya lura an zare abu. Sababbi da yawa sun koma wanda Microsoft ke kira Modern Standby, kamar waya, allo a kashe amma tana farkawa a ɓoye. Haibanet shine S4, wuta a yanke ɗif, ba abin da zata iya lura da shi. Kuma laftop tana iya zamewa daga barci zuwa haibanet da kanta in batir ya yi ƙasa, baka sani ba. Shi ya sa wani zai ce ai ni kullum ina yi ba abin da ya same ni, gaskiya ya faɗa, na'urarsa ce daban ko bai rubuta komai ba bayan farkawa. Mai son sanin tasa ya rubuta umarnin nan, a Windows powercfg /a, a Linux cat /sys/power/mem_sleep.

Mai Hoto Rogo: Na gode ƙwarai, na fahimci inda na yi kuskure. Amma yallabai hotunan fa? Akwai fata ko in fara shirin zuwa ba da haƙuri?

Injiniya Bukuru: Akwai fata sosai. Abin da aka goge taswira ce, gidajen suna nan, sai waɗanda hotuna 70 ɗinka suka hau kansu, su kam sun tafi, ba wanda zai dawo da su ko nawa zai caje ka, kada wani ya karɓi kuɗinka a kan haka. Kuma ka shirya zuciyarka, tunda kyamara da laftop su biyun daga farkon fili suka fara, waɗanda suka tafin na farkon dinar ne. Yadda za a yi: da katin a kulle, a ɗauki kwafinsa sukutum zuwa fayil ɗaya a hadis da manhajar ddrescue, kana buƙatar fili 64GB, sannan a mayar da katin ambulan. A kan kwafin za a saki PhotoRec mai ceto fayiloli, kyauta ne, na Christophe Grenier, shi baya kallon taswira sam, bi yake yanki-yanki yana neman alamar farkon hoto, kowane JPEG da FF D8 yake farawa. A zaɓa masa ya bincike duka ba fili kaɗai ba, kuma abin da ya samo a zuba a wani wuri daban. Sunayen zasu fito wasu lambobi, amma ranar da lokacin ɗauka suna cikin hoton, da su zaka jera. Bidiyo ne ban yi maka alkawari ba, in ya rarrabu gida-gida da wuya ya haɗu.

Ɗan Naraguta: Yaya kada ka yi da kanka in hannunka na rawa, a umarnin kwafin nan in ka juya wuri biyu sai ka shafe abin da kake son ceta. Ina da hadis mai fili, bayan azahar zan hau keke daga Naraguta in same ka, turo min kwatancen shagon ta gefe.

Hajiyar Kafe: Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Ni kuma yanzu na sa yarinyata ta rubuta a kwali mun manna a jikin kowace kwamfuta: a kwafo fayil kan tebur a yi aiki a can, a sallami filash kafin a rufe murfi, in an manta an zare tana barci to a tashe ta tukuna kafin a mayar. Injiniya akwai abin da zan ƙara?

Injiniya Bukuru: Ya isa Hajiya. Sai dai ki ƙara wa masu destop ɗinki, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, kada a yarda da fayil ɗin don an ga sunansa, a buɗe shi a gani kafin ɗalibi ya tafi.

Mai Hoto Rogo: Jama'a barkanmu da dare. Ɗan Naraguta ya zo, Allah ya biya shi, tun ƙarfe uku muke sai yanzu bayan isha'i muka gama, sai da na tada janareta sau biyu. Hotunan dina 361 sun fito lafiya ƙalau, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, akwai guda tara da suka fito rabi hoto rabi toka. Na farkon da ya fito lokacinsa 8:26, ni kuma na fara ɗauka wajen takwas saura, wato shigowar ango da amarya da addu'ar buɗewa babu su, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Bidiyo biyu sun buɗe, huɗu sun ƙi. Na kira uwar amarya na faɗa mata gaskiya, ta yi shiru sannan tace ƙawayen amarya duk sun ɗauki shigowar a waya, zata sa a tattaro min in ga wanda zai wanku.

Anti Edita: In sun turo kace kada su bi ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su, su turo a matsayin dokumen ko ka je da igiya ka ɗebo daga wayoyin. Bidiyo huɗun da suka ƙi kuma kada ka goge, haɗo min su da wani lafiyayye guda ɗaya da kyamarar ta ɗauka a saiti iri ɗaya, wani lokaci kan fayil ɗin, wato ɗan bayanin da ke faɗin yadda za a karanta shi, shi ne kawai ya ɓata, ana iya aron na lafiyayyen a gyara. Ina shago gobe daga ƙarfe goma.

Mai Gyara Terminus: Katin kuma in kun gama da shi ka kawo in gwada, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamarar ba a laftop ba. Ka zo da kuɗin na biyu, mai aikin biki kati ɗaya ba ya isarsa, na safe daban na dare daban.

Mai Hoto Rogo: In sha Allah Oga, Talata zan shigo Terminus. Anti gobe sha ɗaya ina wajenki da bidiyon.